Kalmar da Damodaran Ya Ƙara

Dalilin da ya sa masu karatun Beda na ƙauyen Tirumanur suke tsayawa cak a tsakiyar karatun safe, ku matso ku ji, yara.

Beda shi ne littafi mafi tsarki a wurin 'yan Hindu. Sun yi imani ba mutum ya tsara shi ba, magabata ne suka ji shi, suka riƙa miƙa shi baki da baki. Ba a ragi, ba a ƙari.

A da can, mutanen ƙauyen kan karanta shi tiryan-tiryan. Malaminsu Damodaran ne, kuma akwai wani sashe da shi kaɗai ya rage da haddarsa. Wata safiya yana jan karatu a gaban wutar ibada, jama'a sun cika, sai kalma ɗaya ta kuɓuce masa. Kunya ta hana shi tsayawa, ya saka tasa ya wuce. Ba wanda ya gane, amma wutar ta kwanta ƙasa, alhali ko ganye ba ya motsi.

Da ya koma gida ya so ya nemi ruwa, sai ya rasa sunan ruwa. Washegari sunan shinkafa ya tafi.

Matarsa Ambujam ta ce, "Maigida, me ya same ka? Jiya 'yarka ta gaishe ka, ka tsaya kana kallonta."

Ya ce, "Na san fuskarta, sunan ne babu. Na sa maganata cikin abin da ba nawa ba, shi ya sa ake karɓe mini sauran kalmomina."

"Ka mayar da ta asalin mana!"

"Ita ce ta fara tafiya."

Ya tara almajiransa, ya yi amfani da sauran kalmomin da suka rage masa ya koya musu sashen, ya nuna musu gurbin kalmar, ya ce kada kowa ya cike shi. Kafin damina ta wuce, ba abin da ke fita daga bakinsa sai kalmar nan da ya ƙirƙira. Ita yake maimaitawa a bakin kogi har ya mutu.

Shi ya sa har yau, in masu karatun sun zo gurbin sai su yi tsit su sunkuyar da kai. Tsofaffinsu sun ce a cikin shirun akan ji wata murya daga wajen kogi tana raɗa kalma. Ba su san ko ta asalin ce ko ta Damodaran ba, don haka kowa toshe kunnensa yake.