Watan da Asabe Ta Tsallake

Ku gyara zama, malamai. Mako uku ke nan kuna musu a majalisar nan a kan inshorar lafiya. Wasu sun ce ta gwamnati ce gatan talaka, wasu sun ce in ba ta kamfani ba sai dai a mutu a layi, kowa na ɗaga murya, babu mai kawo misali. Shekara talatin da biyar na yi a gaban allo, ban taɓa karɓar amsar da ba a nuna mini aikinta ba. To ga misali daga cikin gidanmu, kuma akwai shari'a a ƙarshensa. Kada wanda ya katse ni sai na dire.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunanta na yanka Rahanatu, amma ranar Asabar aka haife ta, don haka Asabe kowa ya sani. Mijinta Malam Sha'aban, Allah ya jiƙansa, shekara tara ke nan da rasuwa. Tun daga lokacin take zaune ita kaɗai a gidansa na ƙauye. 'Ya'yanta uku, kowannensu ya ware mata ɗaki a gidansa, ya share, ya shimfiɗa, ita kuma ta ƙi tashi. Abin da suka daɗe suna kishi a kansa ke nan: gidan wa tsohuwa za ta koma.

Babbansu Lawandi, malamin gona ne a ƙaramar hukuma. Ɗan fari ne, saboda haka uwarsa ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa sakar masa fuska a gaban mutane ba. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Ya san alkunya ce, ba ƙiyayya ba. Duk da haka in ya jiyo ta tana dariya da ƙaninsa a tsakar gida, sai ya sa takalmi ya fita.

Mai bi masa Mamuda, yana sayar da kayan gini a birni. Shi ne mai sa ta dariya, shi take yi wa ba'a, shi take ajiye wa ƙanzo. Amma da zarar magana mai nauyi ta taso sai ta ce, "A tambayi wancan." Wannan kalma tana ƙona Mamuda fiye da garwashi.

Autarsu Bara'atu, mijinta ya rasu ya bar mata gida da injin markaɗe. Ita ke yi wa tsohuwa kitso da wanki da yankan farce. Amma in yayyenta sun zauna shawara sai su ce mata, "Ke mace ce, gidanki gidan wasu ne." Ita kuwa sai dai ta adana a ranta.

Da gwamnati ta buɗe wa tsofaffi rajistar inshora, Lawandi ya ɗauki uwarsa a babur ya kai ta ofis. Ya sauke ta a ƙofa, ya koma gindin darbejiya ya tsaya, don ɗan fari ba ya haɗa benci da uwarsa. Ta shiga ita kaɗai. Akawu ya ce, "Sunanki?" Ta ce, "Asabe." Ya ce, "Sunan maigida?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam." Shi kuwa bawan Allah ya rubuta Asabe Malam, ya buga kati ya miƙa mata. Ɗan aji uku ya san Malam ba suna ba ne. Akawun nan Bahaushe ne, a cikin gidan Hausawa ya tashi, ya san matan da ba sa kama sunan miji, amma ya kasa ɗaga kai ya tambayi wanda ya kawo ta. Lawandi ma ya ga katin, ya ce ai hoto na nan, ba komai.

Da wannan kati ya yi shekara biyu yana kai ta asibitin ƙaramar hukuma duk ƙarshen wata. Su shiga layi da hantsi su fito bayan azahar. A auna jininta, a duba cikinta, wani lokaci a yi mata hoto, a ba ta maganin hawan jini in akwai, in babu a ce su dawo. Kome aka gani a rubuta a fayil. Bai taɓa fashi ba, ko ana ruwa.

Mamuda ya ji labari, abin ya tsaya masa a wuya. Ya ce, "Uwata a layi kamar mai jiran rabon taki?" Ya tafi wani kamfanin inshora ya saya mata kati mai tsada. Shi ya cike takardar da hannunsa a cikin shagonsa, ya rubuta suna yadda ya kamata: Rahanatu Sha'aban. Bai gaya wa yayansa ba. Ya naɗe katin a cikin turmin atamfa ya kawo mata, ta sa albarka ta jefa a akwati. Asibitin kamfanin a birni yake, don haka katin ya shekara bai ga rana ba.

Bara'atu ta ga katunan biyu ran da take gyara akwatin. Ta yi makaranta, ni na koyar da ita. Ta karanta, ta lura sunayen sun saɓa, ta mayar ta rufe. Daɗi ya kama ta cewa ta san abin da mazan ba su sani ba.

Ana nan, wani ƙarshen wata likita ya danna cikin tsohuwa ya ɓata fuska. Aka yi hoto, aka ga ƙari. Ita ko ciwon kirki ba ta fara ji ba. Likita ya ce an yi sa'a an gan shi da wuri, amma lalle a cire shi kafin wata guda, in ya wuce haka ba ya lamuni. Aka tura su babban asibitin gwamnati. Can aka ce katinta ya ɗauki aikin, sai dai likitan tiyata ɗaya ne, masu jira sun yi yawa, ranarta sai nan da wata biyar. Lawandi ya bi ofis-ofis yana roƙo har kwana goma, kuma a cikin kwana goman nan bai gaya wa ƙaninsa ba, don kada a ce nasa katin ya gaza.

Bara'atu ce ta buga wa Mamuda waya, ta kuma gaya wa Lawandi labarin katin da ke cikin akwati. Washegari da safe ya iso da mota, ya tarar da yayansa a zaure.

"Yaya, ashe gwamnatin taka ta ba Inna wata biyar? Allah ya saka mata. Sai ka gaya wa ƙarin ya jira."

"Kai da wane ido ka ga ƙarin? Da katin naka da ke kwance cikin atamfa?"

"Yana kwance, amma in ya tashi ba ya bin layi."

"To tashe shi mu gani, Alhajin siminti."

Mamuda ya ɗauki uwarsa ya kai ta asibitin kuɗi a birni. Ɗaki ita kaɗai, gado mai ɗagawa, likitan tiyata ya ce a shirye yake. Sai wakilin kamfani ya zo da takarda, ya sa yatsa a kan wani layi da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe kamar ƙafar tururuwa, da Turanci. Ma'anarsa kamfani ba ya ɗaukar ciwon da mutum ya shigo da shi. Sai an kawo shaida cewa ƙarin ya fito ne bayan sayen kati. Mamuda bai taɓa karanta layin ba. Shaidar kuwa wuri ɗaya take a duniya: fayil ɗin asibitin ƙaramar hukuma, inda hoton bara, wanda aka ɗauka bayan sayen katin, ya nuna cikinta wasai. Kwana huɗu Mamuda ya yi yana neman wata hanya don kada ya buɗe baki ya roƙi yayansa. A na biyar na je na tsaya a kansu, na yi musu maganar da ban yi wa ɗalibi ba tun da na ajiye alli. Lawandi ya karɓo fayil ya kawo.

Wakilin kamfani ya buɗe, ya duba, ya rufe. Ya ce, "Wannan fayil na Asabe Malam ne. Mu Rahanatu Sha'aban muka sani." Na ce masa ga ni, ƙaninta ne, ciki ɗaya. Ya ce bakina ba takarda ba ne. Sai an kawo takardar rantsuwa daga kotu cewa mace ɗaya ce, kuma ita da kanta za ta faɗi sunanta da na mijinta a gaban jami'in kotu. Lokacin saura kwana tara wa'adin likita ya cika.

Mazan biyu suka tsaya a barandar asibiti suna nuna wa juna yatsa. Bara'atu ta gyara mayafi ta fita. Ta koma ƙauye ta ɗauko mai unguwa da liman su yi shaida. Ta je kotu aka ce a kawo tsohuwa, ta ce tsohuwa ba ta tashi. Aka ce to ba a fita da hatimi. Kwana biyu ta yi a zaune a ƙofar magatakarda tun buɗewa har rufewa, ba ta ci ba, ba ta ɗaga murya ba, duk fitowarsa sai ta miƙe ta gaishe shi. A na uku ya ce, "Baiwar Allah, tashi mu je."

Ya zauna a bakin gado ya buɗe takarda. Ya tambayi sunanta, ta ce Rahanatu aka raɗa mata, Asabe ake kira. Ya ce, "Sunan mijinki fa, Baba?" Ta juya fuska bango.

Mamuda ya durƙusa. "Inna, don girman Allah, kalma ɗaya ce."

Ta ce, "Shekara arba'in da biyu ban faɗa ba yana raye. Yanzu da ya kwanta dama zan kama sunansa a gaban baƙi? Ku mayar da ni ɗakina."

Magatakarda ya fara rufe jaka. Sai Bara'atu ta ce, "Ranka ya daɗe, kada ka tambaye ta suna. Ka ce ta ƙirga maka watannin Musulunci." Ya dube ta, ya dubi tsohuwa, ya ce bismilla. Ta fara daga Muharram tana lanƙwasa yatsu, ɗaya bayan ɗaya, har ta kai Rajab. Ta bar yatsa ɗaya a miƙe. Sannan ta ce, "Sai Azumi."

"Baba, kin tsallake ɗaya."

"Ban tsallake ba. Na Malam ne."

Magatakarda ya sake ƙirgawa a yatsunsa. Can ya ce, "Sha'aban." Ta rufe fuska da mayafi. Ya yi murmushi ya ce tasa uwar har ta rasu ba ta taɓa kiran dogon abu dogo ba, sai dai mai tsawo, saboda ana ce wa ubansa Dogo. Ya sa shaidu suka sa hannu, ya buga hatimi. Kamfani ya amince, aka yi tiyata saura kwana uku wa'adi ya cika, kuma Allah ya ba da sa'a.

Kafin in kai ga shari'ar, ku sani ban yafe wa ɓangare ko ɗaya ba. Na rubuta wa ofishin gwamnati wasiƙa uku a gyara katin, a kuma koya wa akawu cewa in tsohuwa ta ce Malam to a nemi ɗanta a waje. Har yau katin Asabe Malam yake cewa. Na rubuta wa kamfani wasiƙa biyu, na ce sharaɗin da zai iya kashe mutum a rubuta shi da manyan baƙaƙe, da Hausa, a shafin farko. Ba su amsa ba. Ta gaba tana cikin aljihuna, kuma zan nemi sa hannunku a kanta.

Da za a sallame ta likita ya ce zaman kaɗaici ya ƙare, dole ta koma hannun wani. Ta kira ni ta ce, "Kai ne ƙanina, kai ne malami. Wanda ya cece ni a cikinsu, a gidansa zan ƙarasa kwanana. Ka faɗa mini ko wane ne." Yau kwana ashirin tana gidana tana jira. Kullum kwano uku ake kawowa, kuma kowannensu in ya zo gaisuwa sai ya faki ido ya ɗaga murfin na 'yan'uwansa ya ga wanne aka fi ci.

Lawandi ya ce ba don katin gwamnati da layin shekara biyu ba, da ba a ga ƙarin ba sai ya gama aikinsa, kuma da babu fayil ɗin da ya tilasta wa kamfani. Ƙannensa suka ce da an bar masa ita, da tana nan tana jiran wata biyar, ga kwana goman da ya ɓoye.

Mamuda ya ce gani ba magani ba ne, wuƙar da ta cire ƙarin katinsa ne ya kawo ta a kan lokaci. 'Yan'uwansa suka ce katin nasa ya juya baya ran da aka fi bukatarsa, ga kwana huɗun da girman kai ya cinye.

Bara'atu ta ce kati biyu na mata biyu ne da ba su san juna ba, ita ta mayar da su mace ɗaya, kuma ba ta keta wa uwarta alkunya ba. Yayyenta suka ce ai ta ga saɓanin sunayen tun shekara guda ta yi gum, da ta yi magana da ba a kai ga kotu ba.

Tsohuwa ɗaya ce, ba a raba ta uku, kuma ta ce ba ta yawon gida-gida. Jibi Juma'a na yi musu alkawarin amsa. To, malamai, kun ji aikin kowa, kun ji laifin kowa. Tsakanin Lawandi da Mamuda da Bara'atu, ƙofar wa zan kai ta?