Haladu a Bakin Gada

An yi wani mutum a wani gari, bawan Allah, sunansa Haladu. Shi ke riƙe da shafin Ciyaman a soshiyal midiya. Ciyaman ya faɗa, Haladu ya rubuta, duniya ta karanta. Da wannan yake ciyar da iyalinsa.

Wata damina ruwa ya cinye ƙasan gadar da ake bi zuwa kasuwa. Ta sama sumul, ta ƙasa rami. Haladu ya sauka ya gani da idonsa.

Ciyaman ya kira shi ya ce, "Sa tsohon hoton nan na ranar buɗe gada. Ka ce lafiyarta ƙalau, sharrin 'yan adawa ne."

"Ranka ya daɗe, jibi kasuwa. Motoci za su hau."

"Zaɓe saura wata biyu, kana yi mini zancen mota?"

Haladu ya ajiye wayar a kan tebur ya ce, "Ka gafarce ni, hannuna ba zai iya ba."

Ku saurara, jama'a! Kafin la'asar wani ya rubuta. Ai mai rubuta ƙarya ba ya wuyar samu.

Haladu ya saro reshen ƙaya ya gicciya a hanya, ya tsaya a bakin gada. Shi kaɗai. Direba ya zo ya nuna masa waya: "Ga shi Ciyaman ya ce lafiya, kai wane ne?" Sai ya ce, "Ni ba kowa ba ne, sauko ka leƙa." Wanda ya leƙa, sai salati, sai ya juya. Abokan shan shayinsa kuwa su hango shi su kau da kai, ko sallama babu. Wallahi abin ya yi masa ciwo. Ya yi kuka a wurin nan, ba mai ce masa sannu. Sallah ma shi kaɗai yake yinta a gefen titi.

Ranar kasuwa da hantsi, gada ta rufta, rugum! Ko akuya babu a kai.

Da azahar sai ga shafin Ciyaman: "Albarkacin matakin gaggawa da muka ɗauka, ba a rasa rai ba." Yabo ya yi ta zuba. Sunan Haladu? Ko harafi! Aikin da ya rasa ma bai dawo ba.

To, 'yan'uwa, mai gaskiya ya shirya tsayuwa shi kaɗai, amma Allah ba Ya manta ladansa. Kai mai waya a aljihu, ji tsoron Allah. Duk ƙaryar da yatsanka ya tura, akwai 'ya'yan mutane da za su taka ta su faɗa. Gobe ƙiyama ba za ka ce "sa ni aka yi" ka tsira ba.