Albasar Sarkin Noma da Ruwan Masunta

An ce wai a wani gari da ke bakin tafki an yi wani alƙali mai suna Malam Hamidu, wanda ya zo a zamanin da damina ta daina cika alkawari. Ruwan sama ya riƙa makara, in ya zo kuma sai ya zuba gaba ɗaya kamar mai fushi, ya kwashe ƙasa ya wuce, ya bar rana tana gasa abin da ya rage. Masana sun ce hayaƙin manyan ƙasashe ne ya ɗumama duniya. Waɗanda suka hura wutar dai ba su ne ke zaune a bakin tafkin ba.

Garin yana da al'ada tun kakanni: duk inda ruwan tafki ya rufe na masunta ne, duk inda ya janye ya bari na manoma ne. A da babu wanda ya cutu, domin abin da rani ya karɓa damina kan mayar. Amma yanzu tafkin ya shiga ja da baya, ba ya dawowa. Ya riƙa ƙarewa kamar majinyacin da ake cewa da sauƙi kullum, har ranar da za a daina cewa.

Sarkin Noma Jatau ya ga samu. Ya sa aka haƙa hanyar ruwa daga tafkin zuwa lambun albasarsa. Ruwan da ya ja ya shayar da albasa, ƙasar da ruwan ya bari kuma ta zama ta manoma. Kifi ya yi ta mutuwa a cikin taɓo, masunta suka fara ɗaure kaya za su bar garin da aka binne iyayensu. Sai Sarkin Ruwa Barmo, tsohon da ke shugabantarsu, ya kai ƙara.

Barmo ya ce, "Allah gafarta Malam, jirgin da ubana ya bar mini yana kife a tsakiyar gonar mutumin nan, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. In aka ƙara rani ɗaya a haka, ba sauran masunci a garin nan."

Jatau ya ce, "Allah gafarta Malam, ni na riƙe hadari? Al'ada ce, ba ni na kafa ta ba. Lokacin da ruwa ke cinye mana gonaki, Barmo har kiɗa yake sawa a yi masa. Yau da ta juya, ya tuna da hanyar gidan alƙali."

Alƙali ya san in ya rushe al'ada, manoma za su ce ya yi son kai, in ya bar ta kuma, rabin gari zai tashi. Sai ya ce, "Ba na yanka ƙasar da ban taka ba. Mu je."

Suka isa lambun da hantsi, an buɗe hanyar ruwan, ruwa ya kwanta a kowane fangali, albasa ta miƙe shar a cikinsa. Alƙali ya tsaya ya ce, "Sarkin Noma, maimaita mini al'adar, kunnena ya tsufa."

Jatau ya ɗaga murya don jama'a su ji. "Inda ruwan tafki ya rufe na masunta, inda ya bari namu!"

"Ba ka so a taɓa ta?"

"Ko da wasa, Malam."

Alƙali ya nuna ƙasa da sandarsa. "Wannan ruwan da ya rufe fangalin nan, daga ina ya fito?"

Jatau ya waiwayi hanyar ruwan da ya sa aka haƙa. Wani daga baya ya ce, "Daga tafki."

Alƙali ya ce, "To, lambun na masunta ne, da albasar da ke ciki. Barmo, kawo mutanenka su tuge."

Barmo ya buɗe baki zai yi godiya, alƙali ya tare shi. "Kada ka yi sauri, Sarkin Ruwa. Kafin la'asar ƙasa za ta shanye ruwan, lambu ya koma hannun Jatau. Sai dai in bai sake shayarwa ba albasa ta ƙone, in ya shayar ta zama taka."

Jatau ya durƙusa cikin taɓo. "Allah gafarta Malam, a duba. Al'adar nan ta mutanen da ce, su ruwansu yana dawowa. Ba ta dace da wannan zamani ba."

Alƙali ya ce, "Jama'a sun ji daga bakin wanda ta fi yi wa rana. Ni ban rushe ta ba."

Nan take ya sa aka kafa turke a cikin tafkin. Muddin ruwa bai kai turken ba, babu mai jan ko ɗigo zuwa lambu, kuma ƙasar da ya bari daga ranar ta gari ce, ba ta kowa ba. Manoma suka rage shuka, suna gunaguni. Damina ba ta gyaru ba, domin hadari ba ya zuwa gaban alƙali. Amma masunta sun kwance kayansu, kuma Barmo ya ƙare kwanakinsa a garin iyayensa, ya mutu a ɗakinsa.

Dokar da aka kafa lokacin wadata, wanda ya ɗauke ta makami lokacin fari ya fara duba ko ba a kansa za ta sauka ba.