Tumatirin Marigayiya

Akwai wani tsohon direba da ke zaune shi kaɗai a saman bene tun da matarsa ta rasu. Mutum ne mai girman kai. Ko gaisuwa aka yi masa, da ka yake amsawa.

Marigayiya takan shuka wani irin tumatir a baranda. Ɗan irin da ta bari a kwalba shi ne na ƙarshe. Ya zuba shi duka a gwangwanaye, ya jera a ɗakin da ba ya buɗe wa labule.

Tsiron ya fito, amma garin neman haske ya yi tsawo, siriri kamar zare.

Ya dasa rabi a bokitai, saiwar kaɗai ya rufe da ƙasa. Washegari duk suka kwanta, ba su ƙara tashi ba. Ya zauna yana kallonsu, kewarta ta dawo masa sabuwa fil. Idan sauran suka mutu, shi ke nan.

A ƙasan benen akwai wani tela mai ɗan lambu a bayan shago. Ya zo ta'aziyya, ya sake dawowa, direba bai ko ba shi wurin zama ba. Yau ga direba a ƙofar shago, gwangwanin tsiro a hannu.

Tela ya duba tsiron, ya yi murmushi. "Yaya, waɗannan ai kulle ka yi musu. Mu je."

A baranda tela ya tsinke ganyen ƙasa, ya haƙa rami mai zurfi, ya binne tsiron har wuya, ganyen sama kaɗai ya bari.

"Za ka kashe mini su," in ji direba.

"Tumatir ne, Yaya. Duk inda ƙasa ta taɓa jikinsa, saiwa zai fitar. Ka bar shi tsaye babu abin da ya riƙe shi, dole ya faɗi."

Da safe tela ya hawo dubawa. Babu wanda ya kwanta.

"Gobe ma za ka zo?" in ji direba.

"Sun kama ai, ba sai na zo ba."

Direba ya sunkuyar da kai. "Na sani. Ka dai zo."

Darasi: Kada girman kai ya hana ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci, domin wanda ya tsaya shi kaɗai ba ya daɗewa a tsaye. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai zaman kaɗaici da ke jiran sallamarku.