Tanimu Magini a Shekarar Fari

An yi wani mutum a wani gari, can da, wani bawan Allah magini, ana ce masa Tanimu. Ba mai hali ba ne, abin da ya samu yau shi ake ci gobe. A garin nan Sarkin Magina ya yanka ladan da ba a biyan ɗan ƙwadago ƙasa da shi, ya kuma ce aiki iyakarsa la'asar. Wanda aka riƙe bayan la'asar, ladansa daban ne.

To, ku saurara. Sai aka yi shekarar fari. Mutanen ƙauye suka cika gari, kowa na neman aiki ko a bakin ƙwaryar fura ne. Sauran magina suka kwashe su a arha, suka karya farashi, aiki ya daina zuwa wurin Tanimu. Da ƙyar ya samu ginin katangar wani falke.

Cikin masu neman aikin akwai wani baƙo, Jatau, mai 'ya'ya ƙanana. Ya ja Tanimu gefe, ya ce a ba shi rabin lada, zai yi har faɗuwar rana, kuma ba wanda zai ji.

Gidan Tanimu ma an koma ɗora tukunya sau ɗaya a wuni. Ga mutum ya kawo kansa, ya yarda da bakinsa, wa zai ga laifinsa? Sai Tanimu ya dubi Jatau, ya ce, "Ɗan'uwa, ba kai ka yarda ba, yunwa ce ta yarda. Ni kuwa kai zan ɗauka aiki, ba yunwa ba."

Ya biya shi cikakke. Da damina ta matso, dole suka riƙa wuce la'asar, nan ma ya biya daban. Katanga ta tashi, Tanimu bai tsira da komai ba, har jakinsa ya sayar, ya koma ɗaukar ƙasa a ka. Ba zan ce muku ya yi arziki daga baya ba. Bai yi ba. Amma 'ya'yan Jatau sun kai kaka da ransu.

Jama'a, yardar mai buƙata ba ta halatta maka haƙƙinsa. Kai mai direba, ke mai 'yar aiki, kai mai gidan burodi: hukuma ta yanka mafi ƙarancin albashi, aikin da ya wuce lokaci ma yana da ladansa. Kada ka ce ai shi ya yarda. Ka tambayi kanka, da yana da wurin zuwa, zai yarda?