Ƙofofi Huɗun da Sarki Jatau Ya Toshe

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun mutane da aljanu na maƙwabtaka, an yi wani sarki a birnin Marmaro mai suna Jatau. Allah ya ba shi mulki mai faɗi da 'ya ɗaya tilo, Gimbiya Tabawa, amma akwai abin da ke cinsa a rai wanda ko wazirinsa bai sani ba.

A tsakiyar birnin akwai babbar makaranta mai ƙofa bakwai. Al'adar gidan ita ce ɗalibi ba ya kama sana'a sai ya shekara a kowace ƙofa: ta gini, ta magani, ta lissafi, sannan ta tarihi, ta waƙa, ta harsuna da ta muhawara. Jatau yana yarima ya zauna a ƙofar tarihi gaban wani dattijo, Malam Sallau. Wata rana malamin ya tambaye shi dalilin da ya sa kakanninsa suka kafa birni a nan, yarima ya yi zuru, 'ya'yan talakawa suka kwashe da dariya. Bai taɓa manta wannan dariyar ba. Yana hawa gadon sarauta ya tara jama'a ya ce waƙa ba ta haƙa rijiya, tarihi kuma bai taɓa warkar da zazzaɓi ba. Ya sa aka toshe ƙofofi huɗun ƙarshe da tubali, ya kori malamansu daga ƙasar. Fadawa kuwa, ka san halinsu, suka ce wannan shi ne hangen nesa.

Shekara ashirin makarantar na yaye gwanayen gini da magani waɗanda ba su san komai ba sai aikinsu. To, a bakin kowace rijiya ta birnin akwai dutse mai rami, kuma duk safiya gugan farko a ciki ake juye shi. Sabbin gwanayen suka auna, suka ce ɓarnar ruwa ce. Babu wanda ya tambaya ko wa ya ajiye duwatsun, balle dalili. Sarki ya sa hannu aka tone su, aka cike ramukan.

Kwana arba'in bayan haka, da hantsi, ƙasar fada ta tsage, Sarkin Aljanu ya fito, leɓunansa a bushe, gemunsa duk ƙura. Ya nuna gimbiya da sandarsa, nan take jikinta ya koma yumɓu, ya soma tsattsagewa kamar gindin tafki da rani.

Ya ce, "Ya kai Jatau, ka ƙwace mana wani abu. Ba zan faɗa maka ko mene ne ba, don an riga an faɗa wa kakanninka. Nan da kwana bakwai ka gaya mini, ko 'yarka ta zama ƙura."

Masu magani suka shafa mai, masu gini suka kawo laka za su liƙe tsagar, duk a banza. Sarki ya dubi gwanayensa sun yi jugum, ya san ba laifinsu ba ne. Shi ya yanke musu rabin karatu. Rana ta uku ya tuɓe alkyabba, ya nufi ƙauyen bakin iyaka inda aka ce Malam Sallau ya sauka.

Kabari ya tarar. Kusa da shi akwai marina, inda wani mutum mai suna Kalla ke rini, hannayensa shuɗi har gwiwa. Shi ne ɗalibin da ya biyo malamin gudun hijira, ya yi karatu a gabansa har ya rasu. Sarki ya durƙusa, ya kwashe labari ya faɗa masa.

Kalla ya ce, "Ranka ya daɗe, amsar ban san ta ba. Amma an koya mini yadda ake tambaya. Me aka taɓa a birnin kafin aljani ya zo?"

Da suka komo birni tare, Kalla ya sa aka kai shi juji inda aka watsar da duwatsun. A gindin ɗaya ya ga rubutu da tsohon harshen da ba mai jinsa yanzu a birnin, amma shi malaminsa ya koya masa. Ya karanta abin da bai goge ba: "Mun sauka ƙasa, ku zauna sama." Daga nan ya bi gidajen tsofaffin mata yana roƙon su yi masa waƙar niƙa, har wata gyatuma ta rera baitin da ke cewa maƙwabcin ƙasa ya sha kafin ɗan gida. Sai ya tuna karatun tarihi: shekarar babban fari ce aka kafa birnin.

Rana ta bakwai Sarkin Aljanu ya dawo. Jatau ya miƙe ya ce, "Marmaron ruwan da aka kafa birnin nan a kansa naku ne. Kakannina sun zo da ƙishirwa, kuka bar musu shi kuka koma ƙarƙashin ƙasa, a kan gugan farko ya zama ruwan shanku. Ni na hana ku, na bar 'ya'yanku da ƙishirwa."

Aljani ya ce, "Ka faɗi daidai. Amma yaya aka yi sarki bai san abin da mai niƙa ta sani ba?"

Waziri ya yunƙura zai gyara zance, sarki ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Na ce wa jama'ata karatun nan ba shi da amfani. Ƙarya na yi. An tambaye ni wannan tambaya ina yaro, na kasa, aka yi mini dariya. Don in huce haushin yini ɗaya na makantar da ƙasa shekara ashirin, na kori dattijon da bai yi mini komai ba sai alheri."

Sarkin Aljanu ya sauke sandarsa. Aka mayar da duwatsun, sarki ya ja guga da hannunsa ya juye, ruwan na shiga rami jikin gimbiya ya koma na mutum, ta yi atishawa ta buɗe ido.

Aka rushe tubalin ƙofofin. Cikin malamai huɗu da aka kora, ɗaya kaɗai aka samu da rai. Kalla ya zauna a ƙofar tarihi, gimbiya ta zama ɗalibarsa ta farko, kuma kafin shekara ta kewayo aka ɗaura musu aure, aka yi biki na kwana bakwai.

Ran da aka watse, sarki ya kira surukinsa gefe ya ce, "Kalla, ka ji tsoron Allah ka faɗa mini. Malam ya tsine mini kafin ya cika?"

Kalla ya sunkuyar da kai ya ce, "Ko kusa, ranka ya daɗe. Kullum da safe sai na shimfiɗa buzu biyu a zaurensa. Ya ce ɗayan naka ne. Ya ce yaron nan ya tafi bai ji amsar ba, wata rana zai dawo."

Sarki ya rufe fuska da hannun riga ya yi kuka. Tun daga ranar har ya bar duniya, a sahun baya na ƙofar tarihi yake zama, a kan wannan buzun.