Takardar da Mukhtari Ya Yanke da Reza

Akwai wani mutum a Bulumkutu, cikin Maiduguri, ana ce masa Mukhtari. A shekarar 1997 ne, lokacin da masu iya rubuta furogiram na kwamfuta a garin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Mukhtari na cikinsu, kuma gaskiya a faɗe ta, kansa yana ja. Aibinsa ɗaya ne, bai yarda da kowa ba. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya yini yana tunanin abin da kake nema.

Wani asibitin kuɗi ya ba shi aikin rubuta furogiram da zai riƙe katunan marasa lafiya. A da sai a yi rabin awa ana tonon kabad. Yanzu da an buga suna, kafin ka ce kwabo kati ya fito. Wannan saurin nemo suna shi ne abin alfaharin Mukhtari. Layi arba'in ne kacal, amma ya rantse ko matarsa ba za ta gan su ba.

Mai buga bayanai a kwamfutar wata mata ce 'yar Biu, sunanta Florence. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, kuma da wannan aikin kaɗai take ciyar da su. Ta shekara shida tana riƙe katunan asibitin da hannu, ba a taɓa kuka da ita ba.

Wata biyu da fara aiki da furogiram, sai katuna suka fara rikicewa. A rubuta wa wannan magani, a tarar da shi a katin wancan. Ba kullum ba, jefi-jefi.

Florence ta tari Mukhtari ta ce, "Malam Mukhtari, akwai abin da na lura da shi. Ko za ka zauna in nuna maka?"

Ya ce, "Ke dai ki riƙa duba yatsunki. Kwamfuta ba ta kuskure."

Daga ranar ya sa mata ido. Ya lura tana da wani ɗan littafi a jaka, da kati ya rikice sai ta yi rubutu a ciki ta mayar. Ya kuma san ƙanenta Thomas ma furogiram yake rubutawa, har ya nemi wannan aikin bai samu ba. Ran nan kuma ya hangi Thomas a bakin asibitin, shi da yayarsa sun haɗa kai suna duba littafin. Mukhtari ya ce a ransa, biri ya yi kama da mutum. Ita ta ɓata, shi ya zo ya gyara, a kore ni.

To, a wancan zamani babu intanet da za ka tambaya. Masu wannan sana'a sukan haɗu duk Asabar bayan la'asar a ƙofar shagon Ba Ajimi, wani dattijo mai gyaran kwamfuta a Hausari. Wanda furogiram ɗinsa ya ƙi, sai ya bugo shi a doguwar takardar firinta, a shimfiɗa kan tabarma a ƙarƙashin darbejiya, a danne da kofunan shayi. Kowa ya zaro jan biro, a bi layi-layi har a kamo ɓarnar. Ba a biyan kowa. Yau kai, gobe ɗan'uwanka.

Mukhtari ya kawo tasa takardar. Da aka warware ta, sai ga ƙatuwar kafa a tsakiya. Ashe reza ya sa ya yanke layukan nan arba'in ya bar su a gida.

Ba Ajimi ya ɗaga takardar, ya leƙo Mukhtari ta cikin kafar ya ce, "Ɗana, wannan tagar fa? Iska kake so furogiram ya sha?"

Aka kwashe da dariya. Mukhtari bai yi ba. Ya ce, "Ba Ajimi, wajen nan lafiyarsa ƙalau. Ku duba sauran."

Suka duba. Har aka kira magariba ba su ga komai ba. Thomas, wanda shi ma yana kan tabarmar, ya ajiye biro ya ce, "Mukhtari, duk inda muka bi, hanya sai ta kai mu bakin ramin nan. Bari in tambaye ka. In ana neman kati, da me furogiram ɗin yake gane mutum?"

Mukhtari ya zuba masa ido. Ga shi nan, ya fito fili, sirrin yake nema! Ya naɗe takardarsa ya ce, "Ka tambayi yayarka mana, ai tana rubuta maka komai."

Ba Ajimi ya ce, "Haba ɗana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ko waiwayowa bai yi ba, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ranar Laraba abin ya zama babba. Wata mata, Fanna Modu, jikinta ba ya karɓar wata allura, kuma an rubuta hakan tun zuwanta na farko. Da ta dawo aka fito da katinta, babu wannan gargaɗi a ciki. Aka yi mata allurar. Nan take fuskarta ta kumbura, numfashi ya fara gagararta. Allah ya sa da sauran kwana, likita ya ceto ta da ƙyar.

Likita Babakura, mai asibitin, ya tara ma'aikata gaba ɗaya ya ce sai an gaya masa laifin wa ne.

Mukhtari ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, furogiram ɗina ba ya kuskure. A tambayi mai bugawa. A tambaye ta littafin da take ɓoyewa a jaka, da wanda take kai wa."

Florence ta zaro littafin ta ce, "Likita, ga shi, ka duba. Wallahi katunan da suka rikice ne nake rubutawa."

Likita ransa ya riga ya ɓaci, ga dangin Fanna suna hayaniya a waje. Bai ko karɓa ba. Ya ce ta tattara nata ya nata. Ta fita tana kuka, labari kuma ya riga ta isa unguwa, wai sakacin Florence ya kusa kashe mutum.

Likita ya ce kafin a samu wata, Mukhtari ya zauna ya riƙa buga bayanan da kansa. Ya zauna da murna. Ya canza kwaɗon ofishin, yana kaffa-kaffa da kowane harafi.

Kwana tara lafiya lau. Ran na goma wata tsohuwa, Hajja Kellu Bukar, mai shekara saba'in da ɗoriya, ta zo da ciwon gwiwa. Aka fito da katinta, nas ta karanta, ta dubi tsohuwa, ta sake karantawa. Kati ya ce Hajja tana da cikin wata biyar.

Hajja ta ce, "La'ilaha illallahu! Ni? Jikokina goma sha tara!"

Kowa ya yi dariya ban da Mukhtari. Shi da hannunsa ya buga bayanin cikin nan jiya, na wata amarya ce, ita ma Kellu Bukar. Babu Florence, babu Thomas, makulli yana aljihunsa.

Bai jira Asabar ba. Ya bugo furogiram ɗin gaba ɗaya, babu yanka, ya je ya roƙi Ba Ajimi ya raka shi gidan Thomas, don shi kaɗai ba shi da fuskar zuwa.

Thomas ya fito ya dube shi. Ya ce, "Don kai ne, wallahi ko kallon takardar nan ba zan yi ba. Amma akwai masu zuwa asibitin nan gobe. Shimfiɗa."

Ya shiga ya karɓo littafin yayarsa ya buɗe kusa da takardar. Kati ashirin da uku ta rubuta, kuma kowanne tana sa sunan a gefe. Fanna Modu biyu. Falmata Ali huɗu. Modu Mustafa uku.

Thomas ya ɗora biro a kan layukan da aka daɗe ana ɓoyewa ya ce, "Ga shi nan. Don ya yi sauri, ka sa yana gane mutum da sunansa da na ubansa kawai. In zai ajiye sabon bayani, wanda ya fara cin karo da shi mai wannan suna, a kansa yake rubutawa. A Maiduguri, Mukhtari! Je ka tsakiyar Kasuwar Litinin ka ƙwala kiran Fanna Modu, ka ga mata nawa za su waiwayo."

Ya soke layi uku, ya rubuta wasu uku, yadda furogiram zai bi lambar kati maimakon suna. Duka-duka minti goma.

Mukhtari ya ce da muryar da ba ta fita sosai, "Na zaci sirrina kake nema."

Thomas ya ce, "Wane sirri? Wannan dabarar tana cikin littafin koyo, kowa a tabarmar Ba Ajimi ya san ta. Da ka kawo ta ran Asabar, da ba a yi wa matar nan allura ba."

Washegari Mukhtari ya je ya faɗa wa likita gaskiya. Likita ya ce tunda a gaban jama'a ya yi ƙazafi, a gaban jama'a zai janye. Aka tara ma'aikata, aka aika a kira Florence.

Ta zo, ta rame. Ta tsaya ta saurari Mukhtari har ya gama ba da haƙuri. Likita ma ya ba ta haƙuri, ya ce kujerarta tana nan.

Ta ce, "Na gode, Likita. Takardar shaida kawai nake so, a rubuta cewa ba ni ba ce. Wuri huɗu na je neman aiki, ko'ina labarin ya riga ni. 'Yata ta daina zuwa makaranta saboda ana ce mata 'yar mai kisa. Na riga na ɗaure kayana, Biu za mu koma."

Mukhtari ya ce, "Don Allah ki yi haƙuri ki zauna. Ai an gyara, wallahi an gyara komai."

Ta juyo ta dube shi ta ce, "Na yafe maka, Malam Mukhtari. Thomas ya ce layi uku ya canza, furogiram ɗinka ya warke. To sunana fa, layi nawa za ka canza?"

Likita ya rubuta mata shaidar. Ta karɓi takardarta ta fita, ranar Juma'a ta hau motar Biu da 'ya'yanta.

Darasi: Zato zunubi ne, kuma sau da yawa ba mai zaton ne yake fara shan wuyarsa ba, bayin Allah ne da ba su ji ba ba su gani ba. In aikinka ya ƙi, fara tuhumar kanka kafin ka tuhumi wani. In ka je neman taimako, kai matsalar duka, domin inda ka fi ɓoyewa nan ɓarnar ta fi zama. Aiki yana gyaruwa, amma sunan da ka ɓata ba lallai ya dawo ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, wataƙila akwai wanda yake dab da ɗora wa wani laifin da nasa ne.